Yadda Ake Tono Ɓoyayyen Zato a Cikin Shirin Talla

Duk shirin talla da aka ajiye a kan tebur, komai kyan zanensa, magana ɗaya yake yi: ga abin da muka sani, saboda haka idan muka kashe kuɗi kaza a wuri kaza, abu kaza zai faru. Tsakanin "ga abin da muka sani" da "zai faru" akwai maganganun da ba wanda ya furta, amma shirin ba ya tsayuwa sai da su. Su ne ɓoyayyun zato. Ba ƙarya ba ne, kuma ba lallai su zama kuskure ba. Abubuwa ne da mai shirin ya ɗauka tabbatattu ne har bai ga amfanin rubuta su ba, kuma saboda ba a rubuta su ba, ba wanda ke tuhumar su a wurin taro.

Tsohon al'amari ne. Tun zamanin Aristotal, masanin falsafar tsohuwar Girka, masu ilimin manɗiƙi, wato ilimin auna hujja, suka lura cewa mai magana yakan tsallake wani sashe na hujjarsa ya bar mai sauraro ya cike da kansa. A 1958 masanin falsafa ɗan Ingila Stephen Toulmin ya ware wannan sashe a matsayin abin da ke bai wa mutum izinin tashi daga hujja ya sauka a kan matsaya. Jarabawar GMAT da LSAT, waɗanda ake yi don shiga karatun kasuwanci da na shari'a, suna da tambayoyi a kan wannan fasaha, kuma shirin kamfani na ƙara ciniki yana cikin misalan da aka fi kawowa. Hanyar da ke amsa tambayar jarabawa ita ce dai ke aiki a ofis.

Ga shirin da za mu yi aiki da shi har ƙarshe. Kamfani ne mai sayar da katifa, kuma manajan talla ya rubuto: "Tambayoyin da muka tura wa abokan cinikinmu sun nuna yawancinsu 'yan shekara 25 zuwa 35 ne. Masu waɗannan shekaru suna yawan amfani da Instagram. Saboda haka idan muka kwashe kuɗin tallan rediyo muka zuba a Instagram, ribarmu za ta ƙaru a cikin wata shida." Kamfanin da alƙaluman duk na misali ne.

Mataki na farko: raba hujja da matsaya

Ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin matsayar, wato abin da ake so ka yarda da shi. Kalmomin "saboda haka", "don haka", "ke nan" suna nuna ta. Kalmomin "tunda", "domin", "ganin cewa" suna nuna hujja. A misalinmu hujja biyu ce, matsaya ɗaya. Amma shirin gaske ba ya zuwa a tsare haka. Yakan zo a shafi ashirin, matsayar ta ɓuya a kanun shafi na goma sha biyu. Idan ka kasa matse shirin ya koma jimla uku ko huɗu, kada ka wuce gaba. Mayar da shi ga mai shi ya faɗa maka abin da za a yi, abin da ake fata ya faru, da kuma lokacin da zai faru. Shirin da burinsa shi ne "a ƙara sanin mu" ba shi da matsayar da za a gwada, don haka ba zaton da za a iya kama shi da laifi.

Mataki na biyu: nemo kalmar da ta sauya a hanya

Nan ne aikin ya fi albarka, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Jera kalmomin da ke cikin hujja a gefe ɗaya, na matsaya a ɗaya gefen. Duk kalmar da ta bayyana a matsaya alhali ba ta cikin hujja, akwai zato a ƙarƙashinta.

Duba misalin. Hujjojin sun yi maganar shekaru da Instagram. Matsayar ta kawo abubuwa uku sababbi: rediyo, riba, wata shida. Ba a faɗi komai a kan rediyo ba, amma an yanke masa hukunci, ke nan an ɗauka cewa ba shi ke kawo waɗannan matasa ba, ko kuma abin da yake kawowa bai kai abin da Instagram zai kawo ba. Ba a faɗi komai a kan riba ba, ke nan an ɗauka cewa ƙarin ciniki zai zarce kuɗin da aka kashe wajen samo shi. Wata shida kuwa ya ɗauka cewa wanda ya ga tallan zai buƙaci katifa a cikin wannan lokaci, alhali katifa kaya ce da mutum ke saya ya shekara da shekaru bai sake waiwayarta ba.

Akwai sauyi na biyu wanda ya fi wannan wayo, shi ne kalmar da ta kusa zama ɗaya amma ba ɗaya ba. Hujja ta farko ta ce "abokan cinikinmu". Abin da aka auna a zahiri shi ne waɗanda suka amsa tambayoyin. Hujja ta biyu ta ce "masu waɗannan shekaru", wato matasa gaba ɗaya, ba matasan da ke sayen katifa ba. Mutane iri uku ke nan aka haɗe kamar iri ɗaya ne. Idan ta waya aka tura tambayoyin, ba mamaki matasa ne suka fi amsawa, dattawan da ke saye suka yi shiru. Irin waɗannan tagwayen kalmomi suna da yawa a harkar talla: gani da lura, danna talla a intanet da saye, mai amfani da kaya da mai biyan kuɗinsa, "zan saya" da "na saya", ciniki da riba. Kayan yara shi ne misalin da kowa ya sani: yaro ke so, babba ke biya, kuma tallan da ya burge ɗaya ba lallai ya motsa ɗayan ba.

Mataki na uku: bi sawun kuɗin daga talla zuwa riba

Kafin talla ta zama riba, dole abubuwa su faru a jere: tallan ya isa ga mutumin da ya dace, ya lura da shi, ya fahimci abin da ake faɗa, ya yarda, yana da buƙata da kuɗi a lokacin, ya iske kayan a inda ya nema, ya saya a farashin da ke barin riba. Kowane ɗaya zato ne. Masu shirin talla sukan kula da na farkon su manta da na ƙarshen, domin sito da jigila ba sashensu ba ne. Tallan da ya yi nasara a lokacin da sito ya ƙare, abokin hamayya ya yi wa aiki.

Sa lambobi a kan kowane mataki, ko da na ƙiyasi ne, domin lamba tana tilasta wa zato ya fito fili. A ce tallan zai isa ga mutum 200,000. Idan 1 cikin 100 ya danna, mutum 2,000 ke nan. Idan 1 cikin 100 na waɗannan ya saya, katifa 20 ke nan. Yanzu juya lissafin: raba kuɗin tallan da ribar katifa ɗaya, za ka sami adadin da dole a sayar kafin a mayar da uwar kuɗi. Idan amsar ta zama 30, shirin ya ɗauka a ɓoye cewa masu dannawa ko masu saye za su ninka ƙiyasinka sau ɗaya da rabi. Sai ka tambayi mai shirin daga ina wannan zai fito. Sau da yawa a nan ake gane cewa ba wanda ya taɓa yin lissafin.

Mataki na huɗu: kore zaton ka ga ko shirin zai faɗi

Zuwa yanzu kana da jerin zato, watakila goma sha biyu. Ba duka ne ke ɗauke da shirin ba. Gwajin da ke tantancewa shi ne korewa: ɗauki zato, ka ce ba gaskiya ba ne, ka duba ko matsayar tana nan a tsaye. Idan ta rushe, zaton na wajibi ne. Idan ta ɗan raunana kawai, mai taimako ne, ba ginshiƙi ba.

Gwada: "Wasu daga cikin masu sayen katifarmu suna ganin talla a Instagram." Kore shi: babu ko ɗaya da ke gani. Shirin ya mutu nan take, ke nan wajibi ne. Gwada wani: "Instagram ya fi kowace kafa arha." Kore shi: akwai kafar da ta kai shi arha ko ta fi shi. Shirin bai faɗi ba, domin matsayar ba ta ce Instagram ya fi kowa ba, ta ce kawai riba za ta ƙaru idan aka bar rediyo. Wannan ba zaton wajibi ba ne, ko da yake zai yi daɗi idan gaskiya ne.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne yadda ake korewar. Kishiyar "duka" a manɗiƙi ita ce "ba duka ba", ba "babu ko ɗaya" ba. Kishiyar "wasu" ita ce "babu ko ɗaya". Kishiyar "koyaushe" ita ce "ba koyaushe ba". Kishiyar "zai ƙaru" ita ce "ba zai ƙaru ba", wanda ya haɗa da tsayawa cik, ba sai ya ragu ba. Wanda ya kore "duk matasa na amfani da Instagram" da "babu matashin da ke amfani da shi" zai ga shirin ya rushe, ya ɗauka ya kama ginshiƙi, alhali ya yi kuskure. Korewar daidai ita ce "akwai matasan da ba sa amfani da shi", kuma shirin na iya rayuwa da hakan lafiya lau.

Daga nan wata ƙa'ida mai amfani take fitowa: zaton wajibi yakan zama mai sassaucin lafazi. Shiri ba safai yake buƙatar "duka", "kaɗai", "ko kaɗan" ba. Abin da yake buƙata shi ne "aƙalla wasu", "isassu", "ba zai kai ya cinye ribar ba". A jarabawar GMAT da LSAT, inda ake jera amsoshi a ce ka zaɓi wadda ita ce ɓoyayyen zaton, zaɓin da ke da kalma mai tsanani abin zargi ne. Haka nan zaɓin da kawai ya maimaita hujjar da aka riga aka faɗa, domin abin da aka furta ba ɓoyayye ba ne. Haka nan wanda gaskiya ne a duniya amma bai taɓa hanyar da ke tsakanin hujja da matsaya ba, kamar a ce barci mai kyau na da amfani ga lafiya.

Mataki na biyar: tuhumi duk inda aka ce talla ce ta jawo

Shirye-shirye da yawa suna dogara da nasarar baya: mun yi talla a watan jiya, ciniki ya tashi, mu ƙara. Zaton da ke ƙasa shi ne cewa da ba a yi tallan ba, cinikin ba zai tashi ba. Wannan shi ne zaton da ya fi kowane tsada, kuma akwai hanyoyi huɗu da yake karyewa. Lokaci ne na ciniki dama, kamar ƙarshen shekara ko lokacin bukukuwa. An rage farashi ko an buɗe sabon reshe a daidai lokacin. Ciniki ya faɗi ƙasa sosai ne aka firgita aka yi talla, kuma abin da ya faɗi fiye da al'ada yakan dawo kusa da matsakaicinsa da kansa. Ko kuma, wanda ya fi yawa a intanet, tallan yana bin mutanen da dama suna kan hanyar saye.

Na huɗun yana da shaida mai ƙarfi. A 2012 kamfanin eBay, mai kasuwar saye da sayarwa a intanet, ya dakatar da biyan tallan da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan kamfanin a shafukan bincike na Yahoo da MSN. Kusan duk masu ziyarar da aka zaci za a rasa sun shigo ta mahaɗin kyauta da ke ƙasa da tallan. Daga nan aka kashe tallan sauran kalmomin bincike a wasu yankunan Amurka aka bar shi a wasu, aka kwatanta. Masana tattalin arziki Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, waɗanda suka wallafa sakamakon a 2015, sun gano cewa tallan yana tasiri a kan sababbin masu saye da masu saye jefi-jefi, amma galibin kuɗin yana tafiya ne a kan tsofaffin abokan ciniki da za su saya ko da talla ko babu. Rahoton dannawa yana nuna nasara, gwaji ya nuna asara.

A kula, wanda ya karanta wannan ya ce "to tallan bincike ba ya aiki" shi ma ya yi nasa ɓoyayyen zaton, wato cewa kamfaninsa kamar eBay yake. eBay suna ne da kowa ya sani, kuma yana fitowa a sama a sakamakon bincike ba tare da ya biya ba. Ƙaramin kamfanin da ba a san shi ba lissafinsa daban ne. Duk lokacin da aka kafa hujja da abin da ya faru a wani kamfani, ko wata ƙasa, ko wata shekara, zaton shi ne cewa wuraren biyu sun yi kama a abin da ke da muhimmanci, kuma sai an ambaci wannan abu da sunansa.

A lissafinmu na katifa, idan 8 daga cikin 20 ɗin za su saya dama, abin da tallan ya ƙara 12 ne, ga shi ana buƙatar 30.

Mataki na shida: duba ko abin da aka auna shi ne abin da ake so

Coca-Cola ta sauya ɗanɗanon lemonta a ranar 23 ga Afrilu 1985, bayan gwajin ɗanɗano da aka yi da mutane kusan 200,000 ya nuna an fi son sabon. Kwana 79 bayan haka, a ranar 11 ga Yuli, kamfanin ya sanar da dawo da tsohon saboda borin masu saye. Adadin mutanen da aka gwada ba ƙarami ba ne. Matsalar tana cikin zato: an ɗauka cewa wanda ya fi son kurɓi ɗaya a kofin da ba suna zai yarda a ɗauke masa abin da ya saba da shi. Yawan mutane ba ya gyara tambayar da ba ita ya kamata a yi ba. Haka gwajin talla yake. Idan aka tara mutane a ɗaki aka nuna musu bidiyo na daƙiƙa 30 suka ce ya burge su, an auna ra'ayin wanda aka zaunar ya kalla har ƙarshe. A waya, ɗan yatsa na iya wuce bidiyon tun kafin sunan kamfanin ya fito.

Mataki na bakwai: me aka ɗauka ba zai motsa ba?

Wannan gajere ne. Kowane shiri yana ɗauka cewa duniya za ta tsaya ta jira shi. Abokan hamayya ba za su rage farashi ba. Kuɗin talla ba zai tashi ba, alhali a Google da Facebook da Instagram gwanjo ake yi, kuma idan ka ninka kasafi kana sayen mutanen da sha'awarsu ta gaza ta farkon, don haka ninka kuɗi ba ya ninka ciniki. Mutane ba za su gaji da ganin hoto ɗaya ba. Dokokin kafar ba za su sauya ba, alhali a Afrilun 2021 Apple ya wajabta wa manhajoji neman izinin mai waya kafin su bi sawunsa, abin da ya dagula wa masu talla da yawa hanyar zaɓen mutane da ta auna sakamako. Wata dabara da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya yaɗa tana fito da irin waɗannan cikin sauri: a ce wa mahalarta taro su ɗauka wata shida ta wuce kuma shirin ya gaza, kowa ya rubuta dalili shi kaɗai kafin a buɗe baki. Rubutun a keɓe shi ne sirrin, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya son musa wa manaja a bainar jama'a.

Mataki na takwas: zaɓi biyu ko uku ka gwada su da kuɗi kaɗan

Ba za ka iya gwada komai ba. Yi wa kowane zaton wajibi tambaya biyu: yaya ƙarfin shaidar da muke da ita a kansa, kuma nawa za mu rasa idan ya karye? Wanda shaidarsa ba ta da ƙarfi kuma asararsa babba ce, shi ne na farko. A misalin katifa, ni zan fara da rediyo, domin shi ne aka yanke wa hukunci ba tare da hujja ko ɗaya ba, kuma shi ne abin da ake da shi a hannu.

Wasu zato ba sa buƙatar gwaji, duba takardu kawai suke so. Shekarun masu saye na iya kasancewa a rasit ko takardar garanti, waɗanda suka fi amsar tambayoyi aminci. Na rediyo kuwa gwajin yanki yake so: zaɓi yankuna biyu da cinikinsu ya daɗe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa, a dakatar da rediyo a ɗaya a mayar da kuɗinsa kan Instagram, a bar ɗayan yadda yake. Idan ta saƙon waya ko imel ake tallan, a ware kashi 10 cikin 100 ta hanyar ƙuri'a kada a tura musu komai, a kwatanta sayensu da na sauran. Dole ƙuri'a ce za ta raba, ba mutum ba, domin mutum zai ajiye abokan ciniki masu kyau a ɓangaren da yake so ya ci. Kada a sauya farashi ko hoto a tsakiyar gwajin. Kuma a bar shi ya kai tsawon lokacin da mai saye ke ɗauka yana shawara. Kayan da ake tunani a kansu na makonni ba a auna su da kwana uku.

Sai a kula da ƙananan lambobi. A ƙiyasi, adadin ciniki yakan yi sama da ƙasa da kansa da kimanin lambar da idan aka ninka ta da kanta take ba da adadin: ciniki 25 na iya lilo da 5, ciniki 100 da 10, ciniki 400 da 20. Saboda haka 20 a wannan yanki da 17 a wancan bai nuna komai ba, sai a ƙara lokaci ko a faɗaɗa yankunan. Kafin a fara, a rubuta a takarda bambancin da za a ɗauka a matsayin nasara da wanda zai sa a fasa shirin, manajan talla da mai kula da kuɗi su sa hannu. Idan aka bar wannan sai bayan sakamako ya fito, kowane ɓangare zai nemo ma'aunin da ya ba shi gaskiya, kuma wanda ya ƙirƙiro shirin bai kamata ya zama shi kaɗai ke karanta alƙaluman ba.